Yadda Shugaban Ƙungiya Zai Ji Abin da Ake Jin Nauyin Faɗa Masa

Shekara 6 na yi ina shugabancin wata koperatif ta manoman wake da aya a yankin Madarumfa. Mangazarmu tana ƙauye, buro kuwa ɗan ɗaki guda ne da muke haya a nan Maraɗi, wajen unguwar Zariya. Bara na sauka. Tun daga lokacin, yaran da ake zaɓa shugabanni a wasu ƙungiyoyi sukan biyo ni gida bayan la'asar, wannan yana son a koya masa rubuta takardar neman tallafi, wancan yana son sanin yadda ake magana da mutanen banki. Ina koya musu iyakar sanina. Sai dai abin da ya kusa rusa mu ba takarda ba ce, ba kuma banki ba ne. Kunnena ne ya toshe ban sani ba, kuma shi nake son in yi magana a kai.

A shekarata ta biyu muka tara waken membobi bayan kaka don warantaj. Wanda bai san tsarin ba, ga shi: ana zuba amfanin gona a mangaza lokacin da farashi yake ƙasa, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya hannun ƙungiya, ɗaya hannun mai ba da bashi. Manomi ya karɓi bashi ya yi sana'ar rani, sai wajen Afrilu ko Mayu, in kaya sun yi daraja, a buɗe a sayar a biya. Wake kuwa ba ya jure wata biyar a buhun banza, ƙwari za su mai da shi gari. Shi ya sa ake sa shi a buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. In an ɗaure kowace leda da kyau iska ba ta shiga, ƙwaron da ke ciki sai ya mutu, ba sai an zuba magani ba.

Ƙanin matata ya kawo mana wasu buhuna masu kama da su, kowane ɗaya ya fi sauƙi da dala 60. Buhu 400 muke nema. Na yi lissafi na ga riba. Ranar da aka sauke su, mai kula da mangaza, dattijo ne da ya girme ni nesa, ya zaro leda ɗaya ya murza ta tsakanin yatsunsa, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce, "Allah dai ya sa su riƙe, shugaba." Na ce amin, na hau babur na tafi.

Da aka buɗe mangaza a Afrilu, tun daga bakin ƙofa wari ya tare mu. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na waken ya lalace. Akwai matar da mijinta ya rasu, buhu biyu kacal ta kawo, duka biyun sun tafi. Da daddare na je gidan dattijon nan raina a ɓace, na ce, "Baba, ka ga ledar ba ta da kyau, don me ba ka faɗa mini ba?" Ya ce, "Na faɗa maka, ɗana. Kayan surukinka ne, ga mutane tsaye. Mi kake so in ƙara?"

Ya faɗa mini ɗin kuwa. Ni ne ban iya jin irin wannan magana ba.

Fara da koyon yadda mutanenmu suke cewa a'a

Ranar da aka zaɓe ka, kalmar "to" ta canza ma'ana a bakin waɗanda kuke tare. Jiya in abokinka ya ce to, ya yarda ke nan. Yau yana iya nufin ya ji ka kawai. Mu mutane ne masu kara, ba ma son kunyata babba a gaban jama'a, kuma ni ban ɗauki wannan aibi ba, tarbiyya ce. Amma dole shugaba ya san cewa ƙin yarda yakan zo masa ne a lulluɓe. "Allah dai ya sa." "To, mu gani." "Ai kai ka san daidai." "Ba laifi, yadda ka ce." Wani ma ba zai ce komai ba, sai ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Wani ya tashi alwala tun lokacin salla bai yi ba. Mace ta gyara lulluɓi ta dubi ta kusa da ita. Duk waɗannan magana ce.

In ka ji irin wannan, kada ka tsaya ga amin. Kada kuma ka ce, "Ka yarda ko ba ka yarda ba?" don ka sa shi a tsaka mai wuya ke nan, zai ce ya yarda. Mai da tambayar kan kayan, ka cire kanka daga ciki. "Baba, me ka gani a ledar nan?" Ko kuwa, "In da wakenka ne na gida, cikin buhunan nan biyu wanne za ka sa shi?" Mutumin da ba zai iya ce maka ka yi kuskure ba, zai iya ce maka wannan leda ta fi waccan kauri. In kuma ka lura idon mutane ne ya ɗaure masa baki, bar maganar. Bi shi daga baya, kai ka je inda yake, kada ka aika a kira shi buro. Abin da mutum zai faɗa maka a kan tabarmar ƙofar gidansa ba zai faɗe shi yana tsaye gaban teburinka ba.

A taro, kai ne na ƙarshen magana

Da can ni nake buɗe taro da ra'ayina, sannan in ce kowa ya faɗi nasa. Sai in ji kowa ya goyi bayana, in koma gida ina murna kanmu a haɗe yake. Ashe muryata ce take dawo mini. In shugaba ya riga ya nuna inda ya karkata, wa zai tsaya gabansa?

Sai na sauya tsari. In faɗi matsalar kawai, da adadin kuɗi ko na kaya, in yi shiru. A fara daga matasa, sai mata, sai dattawa, ni a ƙarshe. Kafin ka yi haka, je ka ga dattawan ɗaya bayan ɗaya ka gaya musu dalili, cewa in sun riga magana yara ba za su buɗe baki ba, kuma su ne za su buɗe da addu'a su rufe da nasiha. In ba ka yi wannan ba za su ga raini ne, ka gyara ɗaki ka rushe zaure.

Mata kuwa, in ka ce su yi magana daga tabarmar baya a gaban mazansu da surukansu, ba za ka ji komai ba. Mu abin da ya yi mana aiki shi ne su zauna su kaɗai kwana ɗaya kafin taro, su tsai da magana, su wakilta biyu su kawo ta. Kada ka ɗauka ba su san lissafi ba. Asusun Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi aka fara shi, a 1991, da tallafin ƙungiyar CARE, kafin tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Matar da ta shekara goma tana zama kowane mako ana ƙirga kuɗi da ƙarfi a gaban kowa, ana rufe akwati da kwaɗo uku, mabuɗan a hannun mutum uku, ta fi maza da yawa sanin inda kuɗin jama'a yake yoyo.

Ka san halinka kafin a gaya maka

Wannan shi ne mai wuya, don laifi tudu ne. Bayan asarar waken na sayi ɗan kaye na ajiye a aljihu. Duk ranar da muka yi taro, kafin in kwanta sai in rubuta abu uku: wa bai yi magana ba yau, wa na katse, kuma a wace magana na ji ƙirjina ya ɗau zafi. Ba na rubuta dalili, ba na kare kaina, sunaye kawai da abin da ya faru.

Bayan wata biyu na zauna na karanta daga farko, abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Waɗanda nake katsewa kusan duk waɗanda ba su yi lakwal ba ne. Magatakardanmu, yaro ne da ya gama jami'a nan Maraɗi, ko ya yi minti goma yana magana ba na tare shi. Na kuma gano cewa duk lokacin da aka matsa mini da tambayar da ba ni da amsarta, sai in fara jefa kalmomin Faransanci cikin magana. Mai tambaya ya yi shiru, ni kuma in ɗauka na gamsar da shi, alhali kunya na sa shi, na tuna masa bai yi karatu ba. Shekara biyu ina yin haka ga mutanen da suka zaɓe ni.

Kai naka zai bambanta. Wani fuska yake ɗaurewa, labarin zuciya kuwa a tambayi fuska, kafin ya ce uffan kowa ya kama kansa. Wani waya yake dannawa ana masa bayani. Wani dariya yake yi wa shawarar da bai so ba. Nemo naka, ka kuma nemo lokacin da ka fi saurin fushi. Ni tsakanin sha biyu da azahar ne a watannin zafi, da kuma yammacin azumi. Na hana kaina yanke hukunci a kan kowane ma'aikaci a waɗannan lokuta. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana alƙali yin hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi. In an hana alƙali mai ilimi, ina ga ni da kai?

Nemi wanda ba ya jin nauyinka

Kaye yana nuna maka abin da ka lura da shi kaɗai. Sauran sai wani ya gaya maka, kuma Allah ya ba mu hanyar da wasu al'ummu ba su da ita: wasan dangi. Taubashi, ko abokin wasa na ƙabila, kamar Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Zabarmawa. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin gadon ɗan Adam, amma mu tun kakanni mun san amfaninta. Abokin wasa yana da izinin faɗa maka abin da ko limamin unguwa sai ya yi kwana-kwana kafin ya faɗa.

Taubashina memba ne a ƙungiyar. Wata rana muna shan shayi a fada ya ce, a gaban kowa, "Tunda aka ba bawan nan nawa kujera, gaisuwarsa ta koma ta ɗaga hannu daga kan babur." Aka yi dariya, ni ma na yi. Da na koma gida na auna, na ga gaskiya ne. Na daina tsayawa in gaisa da mutane a bakin mangaza, kullum ina sauri. Daga nan na roƙe shi, tsakanina da shi, duk abin da ya ji ana faɗa a kan halina ya kawo mini, ba tare da sunan wanda ya faɗa ba. Shawarata guda a nan: irin wannan mutum kada ka ba shi muƙami, kada ka sa shi cikin masu zuwa taron horo inda ake raba kuɗin zama. Ranar da ya fara ci daga hannunka harshensa zai yi nauyi.

Ka kuma bambanta shi da mai kawo gulma. Taubashina labarin kaina yake kawo mini. Mai gulma labarin wasu yake kawowa, wane ya ce, wance ta yi. Gwajinsa mai sauƙi ne. Ce masa, "To, zauna, bari a kira shi ka maimaita a gabansa." Sau biyu na yi haka, aka daina zuwa mini da irin wannan.

Ana cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ni ban cika yarda da wannan karin magana ba, don sarki ne yake zaɓar wanda zai zauna kusa da shi. Kuma magabata ba su bar sarki da fadawa kaɗai ba. A sarautar Katsina ta Maraɗi akwai Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi, waɗanda suke da hannu a zaɓen sarki, a Tsibiri kuma akwai Taran Gobir, majalisar mutum tara. An kafa gadon sarauta ne tare da mutanen da sarki ba zai iya toshe kunne ga maganarsu ba.

Kwamitin sa ido ba ado ba ne

Koperatif ma doka ta yi mata irin wannan. Dokar ƙungiyoyin haɗin gwiwa ta OHADA, hukumar da ke daidaita dokokin kasuwanci tsakanin wasu ƙasashen Afirka har da Nijar, wadda aka amince da ita a Lome ranar 15 ga Disamba 2010, ta ce ƙaramar koperatif, wadda ake kira SCOOPS, mutum 5 ma suna iya kafa ta, amma da zarar yawan membobi ya ba da dama, dole bayan kwamitin gudanarwa a sami kwamitin sa ido na mutum 3 zuwa 5, kuma masu gudanarwa da makusantansu ba sa shiga cikinsa. Abin da na gani a wurare da yawa shi ne a cika sunayen don takarda ta wuce, a sa tsoho mai yawan barci da wanda ba ya iya musu da kowa. Mu ma haka muka fara.

In kana son kanka da alheri, kai da kanka ka roƙi babban taro ya zaɓi masu gardama. Wanda ya fi damunka da tambaya, shi ne ya dace. Ba su damar shiga mangaza su ƙirga buhu ranar da suka ga dama, ba sai sun sanar da kai ba. Sannan a karanta lissafi da ƙarfi, da Hausa, cikin jika da dala. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Takarda da faran ake rubuta ta, mutanenmu kuwa da dala suke ƙirga, dala ɗaya faran 5, jika ɗaya faran 1000. In ma'aji ya karanta lambar da ke takarda yadda take, rabin masu sauraro wani adadi daban suke ji, kuma ba wanda zai ɗaga hannu ya ce bai gane ba.

Minti na farko bayan mummunan labari

Duk abin da na lissafa zai rushe in wanda ya kawo maka labari mara daɗi ya sha faɗa. Mutane suna kallo. In yaro ya zo ya ce rufin mangaza yana yoyo, buhu goma sun jiƙe, ka fara da "wa ya yi sakaci?", to gobe in ashirin suka jiƙe sai dai ka ji a kasuwa. Fara da godiya. Sannan nawa ne, me za a iya cetowa, wa zai taimaka yanzu. Binciken mai laifi ya jira gobe, ba zai gudu ba. Akwai aya a Suratu Ali Imrana da take gaya wa Annabi cewa da ya kasance mai kaushin hali da ƙeƙasasshiyar zuciya da mutane sun watse daga gare shi, kuma a cikin ayar nan ɗaya aka umarce shi da yin shawara da su. Tausasawa aka fara ambata kafin shawara.

Na ga amfanin wannan a 2023. Wani ɗan kasuwa daga ƙetaren iyaka ya taya wakenmu da farashi mai kyau, amma da Naira, kuma rabin kuɗin sai bayan wata guda. Ni har na fara lissafin riba a zuci. Da aka zo kan matasa, wani yaro da ke kai kaya Jibiya ta Ɗan Isa ya miƙe ya ce, "Shugaba, ni dai ban yarda ba. Naira kullum sauka take a hannun ƴan canji. A ba mu sefa, hannu da hannu, ko da farashin ya ragu." Shekara uku baya, yaron nan ko kallon idona ba ya yi. Muka bi maganarsa. Bayan ƴan makonni aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, Naira kuma ta ci gaba da zubewa. Da mun ba da bashin nan, ban san ranar da za mu gan shi ba.

Gyara kuwa, in kai ne za ka yi wa wani, yi shi a keɓe, kada ya kwana uku, kuma faɗi aikin da aka ɓata, ba halin mutum ko gidansu ba. Kada ka yi habaici a taro. Wanda kake nufi zai ƙullace ka, wasu biyar da ba su yi komai ba su kwana suna zargin kansu.

Naka kuskuren, in a gaban jama'a ya cuci mutane, a gaban jama'a za ka amsa shi. A babban taron da ya biyo bayan asarar waken na tashi na ce ni na sayi buhunan, daga hannun surukina, an yi mini ishara ban ji ba. Ban ambaci ƙwari ko zafin shekarar ba. Na sayar da jajayen awakina uku na biya matar nan da wasu biyu da suka fi kowa rauni, sauran asarar taro ya yafe. A ranar muka sa doka: ɗan'uwan ɗan kwamiti ba ya sayar wa ƙungiya komai sai an kawo farashin wasu mutum biyu an gwada, kuma mai ɗan'uwan ya fita waje lokacin da ake yanke shawara. Gidan surukaina an yi wata biyu ana gaisuwa sama-sama. Ya wuce.

In wa'adinka ya cika

Sauka. Za a zo maka da daddare a ce babu wanda zai iya sai kai, kuma masu faɗar haka da yawansu tsakani da Allah suke faɗa. Amma in shekara 6 ba ka tarbiyyantar da wanda zai karɓa ba, ƙarin uku ba za su gyara ba. Shekara guda kafin in sauka na fara tura mataimakiyata banki ita kaɗai, na bar mata jagorancin taro ɗaya cikin biyu, ni ina zaune cikin jama'a. Ita aka zaɓa, ɗaya daga cikin matan asusu ce.

Kafin daminar bana ta kawo samfurin takin da wani dillali yake son sayar mana. Na ɗaga buhun na ji kamar bai kai kilo 50 ba. Ga mutane cike, ga ta sabuwar shugaba, ban so in rage mata daraja. Sai na ji bakina ya ce, "To, Allah dai ya sa albarka." Ta dube ni, ba ta ce amin ba. Ta ce, "Baba, me ka ji a buhun?" Na ce a kawo sikeli. Aka aiki yaro mangaza ya ɗauko, muka ɗora buhu biyar ɗaya bayan ɗaya, magatakarda yana rubutawa.